Ɗibar Wuta Ce Ko Sata?

Wata rana muna cikin darasi, na faɗa wa ɗalibaina cewa duk wanda ya je wajen masu turi aka zuba masa fim a waya, to ya ci haƙƙin wani. Sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, idan na saci akuyarka ka rasa akuya. To idan aka tura mini fim, me mai fim ɗin ya rasa? Ai nasa yana hannunsa." Aji ya kaure da dariya. Na ce ya zauna, amma ban ba shi amsa ba, domin a lokacin wayar da ke aljihuna cike take da waƙoƙin Shata waɗanda ban biya ko kwabo a kansu ba.

Haƙiƙa maganar yaron ba ta banza ba ce. Mun taso muna ganin idan wuta ta mutu a gida, sai a aiki yarinya maƙwabta da kara ta kunno, kuma murhun maƙwabta bai ragu da komai ba. Haka littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka bazu, almajiri ya ara ya kwafa da hannunsa, wani ma ya kwafa daga nasa. Babu wanda ya kira wannan sata.

To amma, ya kai mai karatu, wa ya sayi itacen da ake ɗibar wutar? Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar fim ta tsaya ne a kan abu guda, wato mai shiryawa ya zuba kuɗinsa, a kai kaset Ƙofar Wambai, abin da ya dawo a biya ma'aikata a shiga wani. Da waya ta zo, sai ya zama mutum ɗaya ya saya, unguwa guda ta kalla. Kasuwar faifai ta mutu, masu shiryawa da dama suka koma sakin shiri mai dogon zango a YouTube suna jiran kuɗin talla. Jarumin da ya yi suna bai kwana da yunwa ba. Mai riƙe fitila da mai tace hoto da marubucin labari, su ne suka ji a jikinsu. Abin da mai fim ya rasa shi ne fim na gaba, wanda ba a yi ba, kuma shi ya sa ɓarnar ba ta ganuwa. Mu marubuta ai ba sai an ba mu labari ba. Nawa ne a cikinmu suka tsinci littafinsu sukutum a WhatsApp, an ma cire sunansu?

Malamai ba su yi shiru ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa abin kiyayewa ne a Shari'a. Nijeriya ma ta sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. A Suwidin kuwa, kotu ta yanke wa mutum huɗu na shafin The Pirate Bay ɗaurin shekara guda a 2009, amma shafin bai mutu ba.

Inda nake cijewa shi ne batun yaron da ya sauke wasan ƙwallo na wani kamfanin Japan, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin albashin ubansa. Da bai samu kyauta ba, ba zai taɓa saya ba. A ganina laifinsa bai kai na mai shagon da ke karɓar kuɗi a kan gumin wani ba, ko kusa. Sai dai hannun da ya saba ba ya tambayar na wane ne. Kuma a faɗi gaskiya, masu kukan an kwashe musu fim, wasunsu daga finafinan Indiya suka kwaso labari da karin waƙa, ba su nemi izinin kowa ba.

Da mako ya zagayo na kira yaron na yi masa wannan bayani, har na gaya masa zancen wayata. Ya yi shiru, can ya ce, "To Malam, Shata ya rasu tun 1999. Ka goge waƙoƙin ne, ko ka aika wa magadansa?" Har yau suna nan a wayar.