Akwatin Kawu: Tarawa Ko Adanawa?

Ya kai mai karatu, yaushe rabonka da lasar bayan kan sarki ka manna shi a jikin ambulan? In kai ɗan bana-bakwai ne, na san za ka ce wane sarki kuma, me ya haɗa kansa da lasa? To, kan sarki shi ne 'yar takardar nan mai hoto da haƙora a gefe, wadda ake saya a gidan waya a liƙa wa wasiƙa don shaidar an biya kuɗin kai ta. A Ingila aka fara shi a shekarar 1840, baƙi, na kwabo ɗaya, ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Kafin nan galibi wanda aka aiko wa wasiƙa shi ke biya. A 1900 Turawa suka buga wa Nijeriya ta Arewa nata, da kan wannan sarauniya, bayanta kuma aka bi da kawunan sarakunan Ingila maza. Ka ji inda Bahaushe ya samo sunan.

Ba tarihin gidan waya na zo ba ka ba. Wata tambaya ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma duk shekara in iskar hunturu ta kaɗa sai ta dawo mini sabuwa. Mutumin da ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa yana tara abin da ba a ci, ba a sha, ba a ɗaurawa, alhali yana zaune cikin mabuƙata, shin wauta yake yi, ko kuwa akwai wani haƙƙi da yake saukewa wanda mu ba mu gani ba?

Bari in kai ka ƙauyenmu a farkon shekarun 1980, ina ɗan firamare. Ka san ƙauye da sanyi. Hazo ya rufe gari, rana ba ta da ƙarfi sai hantsi ya dubi ludayi. Da asuba kowane gida an hura kara a tsakar gida, yara sun kewaye wuta da hannuwa a miƙe, ƙafa duk kaushi da faso, leɓe ya tsage, uwaye na bin mu da man kaɗanya muna zillewa. Wanka kuwa sai an yi da gaske. An gama girbi, dawa da gero sun shiga rumbu, harawa ta hau bishiya, an jingine kara a bayan danga. Masu fadama sun koma ban-ruwan albasa da tumatir. Sauran majiya ƙarfi kuma sun ɗaure 'yan tsummokaransu sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu Kurmi, wasu har Ikko. Gari ya rage daga tsofaffi sai mata da yara.

A wannan lokacin ne kasuwar Kawuna take buɗewa. Malamin firamare ne, kuma da adireshin makarantarsu duk wasiƙun garin suke zuwa. Ran kasuwa masinja ya hau keke ya je gidan waya a birni ya kwaso. Da la'asar sai ka ga mata sun aiko yara, tsofaffi sun zo da kansu, Kawu na zaune a zaure cikin tsohuwar kwat yana karanta wa kowa tasa, yana rubuta amsa. Ba ya karɓar ko anini. Ladansa ɗaya ne, a bar shi ya yanke kusurwar ambulan inda kan sarki yake.

Yana da akwatin ƙarfe da kwado a ƙarƙashin gado. A ciki akwai littattafan makaranta da ya liƙe da kan sarki shafi-shafi, ƙarƙashin kowanne ya rubuta sunan wanda aka aiko wa. Akwai na zamanin Sarauniya Alsabatu, jerin 1953, na kwabo mai mahayan Barno, da na taro mai gadar Jebba. Akwai na bayan an koma naira da kwabo a 1973, na kwabo 10 mai dabbobin Yankari, na kwabo 30 mai masuntan Argungu. Ban da waɗannan akwai katuna masu hoto da gidajen rediyo na ƙetare suke aiko wa masu saurare. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Muryar Jamus a 1963, kuma Kawu bai gajiya da rubuta musu. A jikin wani kati na fara ganin ƙauyen Turai da ƙanƙara ta danne rufin gidaje, hayaƙi na fita ta sama. Ya nuna mana ya ce, "Ku da kuke kukan sanyi, ga inda sanyi yake kwana." Ya mayar, ya kulle. Da wuya ka sake gani sai wata shekara.

Mutanen gari suna girmama shi a gaba, a bayan ido kuma suna ce masa Malam mai tsince-tsince. Kuma kada ka yi saurin cewa jahilci ne ya sa. Suna da hujja. Manomi ya san tari, amma tarin da ya sani shi ne wanda zai ci da bazara. Hatsi a rumbu abinci ne, harawa abincin dabba ce, kara makamashi ne. Kan sarkin da hatimi ya riga ya hau kansa fa? Ko wasiƙar ba zai sake kaiwa ba. Matarsa ma ta sha faɗa masa, a gabana: "Malam, kuɗin da kake zubawa gidan waya kana aika wa Turawa takarda, da ka haɗa su da tuni yaran nan sun sami bargo na biyu." Gaskiya ta faɗa. Su huɗu suke ja-in-ja da bargo ɗaya. Duk sha'awar da za ta sa ɗanka ya kwana yana rawar ɗari, akwai abin dubawa a cikinta, ko da sunanta ilimi. Hausawa kuma suka ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Sai dai in ka duba da kyau, ƙauyen nan da ke yi masa dariya shi ma cike yake da masu irin halinsa. Shiga ɗakin kowace amarya ka ga jeren kwalla da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, waɗanda ba a taɓa zuba miya a cikinsu ba. Tambayi tsohon da ya ajiye takobin kakansa, ko wanda ya adana allon da ya yi sauka da shi. Ɗan Adam ba ciki kaɗai gare shi ba. Yana son ya ajiye abin da zai duba ya ce, ga inda na fito, ga waɗanda suka san da ni. Saboda haka tambayar ta wuce a tara ko kada a tara. Abin tambaya shi ne, don wa aka tara?

Ga abin da ya koya mini amsar. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, kowa Iya yake ce mata. Ɗanta na fari ya tafi fataucin goro ƙasar Gana, ya ce Kumasi za shi. Wasiƙa ɗaya tak ya aiko, a 1968, gaisuwa ce da alƙawarin zai zo, babu adireshi. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar. Mutanenmu da yawa suka dawo, wasu da tabarma kawai. Shi bai dawo ba. An yi cigiya a zangon Kumasi har an gaji. Iya ta naɗe wasiƙar a tsumma ta sa cikin kwalla, ba ta iya karatu ba, amma ta san tana nan.

Wani dare cikin hunturu, garwashin da ta shiga da shi ɗaki don jin ɗumi ya kama tabarma. Allah Ya kiyaye ranta, ɗakin kuwa ya ƙone ƙurmus, har da wasiƙar. Bayan kwana biyu ta dogara sanda ta zo zauren Kawu. Ta ce, "Malam, 'yar takardar nan da ka yanka a jikin wasiƙar yaron nan, tana nan? Ba karɓa zan yi ba. So nake in taɓa abin da hannunsa ya taɓa."

Kawu ya ce, "Tana nan, Iya." Ya jawo akwati, ya buɗe shafin, ya fito da shi hasken rana don ta gani sosai. A nan ne idonsa ya sauka kan hatimin da gidan waya ya buga, wanda ya ɗan dushe. Ka san kowane hatimi yana ɗauke da sunan garin da aka jefa wasiƙa da ranar. Ba Kumasi aka rubuta ba. Tamale ce, can arewacin Gana. Wallahi na ga hannunsa yana rawa. Shekara goma sha huɗu amsar tana ƙarƙashin gadonsa, shi kuwa hoton kawai yake kallo.

Da rani ƙanen mutumin ya kama hanya. A Tamale ya sami labarin wansa ya rasu da daɗewa, amma ya bar mata da 'ya'ya biyu. Iya ba ta ga ɗanta ba, amma ta daina zaman jiran wanda ba zai zo ba, kuma kafin ta cika ta ɗora hannu a kan jikanta.

To, mai karatu, ka yi alƙalanci. Ba don tsince-tsincen Kawu ba, da wannan zumunci ya yanke har abada. Wannan ya isa amsa ga masu cewa shara yake tarawa. Amma kuma da ya kasance mai buɗe akwatin nan ne, yana zama da masu wasiƙun suna dubawa tare, da wataƙila an gano tun mutumin yana da rai. Wannan kuma laifinsa ne, shi da kansa ya faɗa. A nan na gane bambancin mai tarawa da mai adanawa. Mai tarawa yana cewa nawa ne, daɗinsa shi ne yana da abin da wani ba shi da shi. Mai adanawa ya san amana ce a hannunsa, ta mutanen da abin ya shafa da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Kayan iri ɗaya ne, akwatin ma ɗaya ne, niyya da kwado ne suka raba su.

Kada kuma a ruɗe ka da maganar kuɗi. Akwai wani kan sarki na ƙasar Giyana ta Ingila, na shekarar 1856, wanda shi kaɗai ya rage a duniya, aka sayar da shi a 2014 kan kusan dala miliyan 9.5. Masu jin irin wannan labari sukan ce ashe abin sana'a ne. Ni ba wannan nake karewa ba. Kan sarkin Iya ko ƙosai ba zai saya ba a kasuwa, amma ka gaya mini nawa za ka kimanta shi?

Daga wannan shekara Kawu ya canza. Ya rage aika wasiƙun ƙetare, bargo ya shigo gida. Da daddare in an hura wuta a ƙofar zaure sai ya fito da littattafan, yara da manya a kewaye, a miƙa wa wannan a miƙa wa wancan. A nan na fara sanin akwai wata ƙasa wai ita Sin, a nan wani tsoho ya ga sunansa ƙarƙashin kan sarkin wasiƙar da ƙanensa soja ya aiko masa lokacin yaƙin basasa, ya yi shiru, ya share ido da hannun riga. Akwatin bai ragu da komai ba don an buɗe shi.

Ƙarshen labarin ne ba na son faɗa, don da hannuna a ciki. Bayan rasuwar Kawu aka raba gado, akwatin bai shiga lissafi ba, don ba wanda ya ɗauke shi dukiya. Ni da na san darajarsa ina birni ina neman abin kaina, kullum ina cewa in na je gida zan ɗauko. Da na tashi zuwa, gara ta ci rabi, sauran kuma yara sun hura wutar jin ɗumi da su. Kati uku na tsira da su. Ban ga laifin yaran ba, sanyi suka ji, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu mene ne a ciki.

Na kawo maka wannan ne don kai ma kana da naka akwatin. Kai mai son fim, ina kasusuwan bidiyon da ka yi layi ka saya? An ce da Turmin Danya aka buɗe harkar finafinan bidiyo na Hausa a Kano a 1990. Yau a unguwarku wa zai iya fito maka da shi? Ke mai karatun littattafai, ina waɗanda kika riƙa haya ana juyawa daga gida zuwa gida har bango ya cire? Jaridu da mujallu nawa muka bai wa mai tsire da mai ƙosai? Tun da wayar salula ta shigo a 2001 wasiƙa ta fara ja da baya, yanzu gaisuwar iyayenmu da muryoyinsu suna cikin waya, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace, shi ke nan. Sai an wayi gari jikokinmu suna neman tarihinmu a wurin baƙi.

Ban ce ka hana iyalinka bargo don ka sayi tsohuwar takarda ba. Haƙƙin mai rai yana gaba. Amma in Allah Ya sa kana da wani abu da ka ajiye, wasiƙa ce, hoto ne, kaset ne, to wannan sanyin ka fito da shi. Ka kakkaɓe ƙura, ka rubuta sunan mai shi da shekara, ka ɗauki hotonsa ka aika wa 'yan'uwa, ka zaunar da yara ka gaya musu ko na wane ne. Ka kuma duba shi da kyau a hasken rana, don ba ka san hatimin wane gari ne yake jiran a karanta shi ba.

Allah Ya jiƙan Kawu da Iya, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana.