Zubi

Wani matashi tela a Daura ya ji cewa samarin unguwanni za su yi gasar dara a makon Sallar Gani, har da 'yan wasa daga Zango da Mai'aduwa da Sandamu. Ya ce to, bana rabonsa ne. Kullum in ya rufe shago sai ya tona gurabe 30 a ƙofar gida, layi 5 na gurabe shida-shida, ya tara ƙannensa yana lallasa su. Abu ɗaya ya ƙware a kai, wato doki: ya shirya 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo, duk motsi ya jera uku ya ci. Yara na tafi, kansa na kumbura.

Akwai wani dattijo mai sayar da goro da ke zama a inuwar darbejiya can wajen rijiyar Kusugu, wanda aka ce rabon da a ci shi an manta. Matashin ya je ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, so nake ka ƙara mini dabarun doki."

"Zauna tukuna, ɗan nan. Kara ko dutse?"

Ya zaɓi kara. Ya watsa 'ya'yansa 12 fat-fat, yana ɗokin a fara ci. Dattijon kuwa sai ya juya dutse a tafin hannu, ya gutsiri goro, ya dubi ƙasa kamar mai neman allura, sannan ya ajiye. Sau 4 suka buga, doki ko ƙurarsa ba a gani ba. Duk inda kara ya nufa, dutse na zaune a gurbin.

"Tun wajen zubi na cinye ka," in ji dattijon. "Kai kana ganin ba a ci a lokacin, shi ya sa kake sauri."

Ya ba shi aiki: kwana 7, su zuba 'ya'ya 24, da an gama a kwashe, ba motsi ba ci. Kuma kafin ya ajiye kowane kara sai ya faɗi inda dutse ke son zuwa. Ranar farko haushi kamar ya kashe shi. Wa ya taɓa ganin dara ba ci? Rana ta huɗu ya fara canka daidai, dattijon ya yi murmushi ya miƙa masa ɓarin goro.

Ranar gasa gari ya cika, ana jiyo algaita daga wajen fada. Matashin ya riƙa jinkiri wajen zubi har 'yan kallo na ce masa, "Malam, ɗinki kake ko dara?" Bai kula su ba. Ya fitar da mutum 3. A karon ƙarshe ya haɗu da wani ɗan Zango, ya hango doki a fili, tsohuwar zuma ta motsa, ya yi gaggawar ajiye kara ɗaya. Nan dara ta ci gida. Na biyu ya zo.

Washegari da hantsi ya koma gindin darbejiya. Ya tarar dattijon ya riga ya tona gurabe, ya ware masa karare 12 a gefe.