Tambari da Takobi: Shin Addini ne ke Haddasa Yaƙi?

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan an sauko daga masallaci, hayaƙi ya turnuƙe birnin Zinder. Masu nuna fushi kan zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faris suka cinna wa majami'u wuta, suka ƙone gidan raya al'adun Faransa da Nijar. Kashegari tarzomar ta isa Yamai. Kafin ƙura ta lafa, mutum 10 sun rasa rayukansu a biranen biyu. Nan take tsohuwar tambaya ta dawo bakin mutane: shin addini ne ke sa ɗan Adam zubar da jinin ɗan'uwansa? Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu saurari shaidar tarihin wannan gari.

Malami ne ya kafa gidan sarautar Damagaram wajen 1731, a ƙarƙashin inuwar Barno. Amma daular ba ta kai ganiyarta ba sai zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya tara bindigogi, har maƙera na zuba masa igwa a cikin gari. To, wa aka auna da waɗannan makamai? Sau da yawa Musulmi ne ƴan'uwa. Ɗansa Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har Gezawa, dab da birnin Kano, a zamanin Sarki Alu. Rundunonin biyu alƙiblarsu ɗaya, mazhabarsu ɗaya, kowace da malamanta masu roƙa mata nasara. Abin da ya raba su shi ne iko, da haraji, da bayi, da hanyar ayarin da ke tashi daga Kano ta ratsa Zinder zuwa Tarabulus.

Shaida ta biyu ta zo a 1899. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta yi wa Birnin Konni kisan kiyashi, ba wa'azi ya kawo ta ba. Rige-rigen isa Tafkin Chadi take yi da sauran ƙasashen Turai. Ragowarta ce ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini cikin watan Yuli, ta shiga Zinder. Haka kuma yaƙe-yaƙen duniya biyu, da suka ci miliyoyin rayuka, an yi su ne da sunan ƙasa da tuta da fifikon jinsi. Ashe ko an kawar da addini, mai son yaƙi ba zai rasa sunan da zai kira ba.

Sai dai kada mu yi gaggawar wanke hannu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shari'a ta hana bautar da Musulmi ɗa. Saboda haka duk sarkin da ke kwaɗayin bayi yana bukatar wanda zai ce masa mutanen ƙauye kaza kafirai ne. Kalma guda daga bakin malami tana iya mayar da hari jihadi, ta mayar da fashi ganima. Ahmad Baba na Timbuktu ya yi rubutu kan wannan ɓarna tun farkon ƙarni na 17. Bayan shekara kusan ɗari biyu, Shehu al-Kanemi na Barno ya ƙalubalanci Muhammadu Bello na Sakkwato cikin wasiƙu, yana kafa hujja cewa aikata zunubi ba ya fitar da mutum daga Musulunci, balle ya halatta jininsa. Abin lura shi ne, hujjar da aka hura wuta da ita da wadda aka nemi kashe ta, duka daga littattafai ɗaya aka ɗebo su.

Don haka nake kwatanta addini, a fagen rikici, da tambarin fada. Tambari ba ya sara, ba ya suka, amma shi ke tara mahaya, shi ke cire wa matsoraci tsoro. Shi ɗin ne kuma ake bugawa ranar salla da ranar naɗi. Laifin ba na fata da itace ba ne. Na mai riƙe da gula ne da wanda ya ba shi umurni.

Mu koma 2015 da wannan ma'auni. Kiristocin Zinder ba su zana kome ba. A cikin fushin akwai ƙaunar Manzo ta gaskiya, akwai kuma haushin halartar Shugaba Mahamadu Isufu macin Faris na 11 ga Janairu, da takaicin matasa marasa aikin yi. A wannan rana kuma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin gidajensu. Da mai ashana da mai buɗe ƙofa, salla ɗaya suke yi.

Addini ba shi ne tushen yaƙi ba. Tushen kwaɗayi ne da tsoro da girman kai. Amma wanda jama'a ke saurara da sunan Allah ya fi kowa nauyin alhaki, domin maganarsa na iya sa mai kisa ya kwana ba tare da nadama ba. Duk ranar da aka sake buga tambari, mu fara tambaya: wa ke riƙe da gula, kuma me zai samu idan gari ya ƙone?