Mai Sana'ar Gida Tsakanin Talla Da Haraji

 

Tun zamanin kakanni matan ƙasar Hausa ba su rasa sana'a a cikin ɗakunansu ba. Akwai masu kaɗi, da masu ɗinkin hula, da masu saƙar faifai da tabarma, da masu sabulu, da masu haɗa turaren wuta da humra. A da yarinya ce ke ɗaukar kayan a ka, ta bi gida gida tana talla, ta komo da la'asar da ciniki ƙulle a bakin zane. A yau wayar hannu ta karɓi wannan aiki a gidaje da dama. Mace tana zaune a Zariya ko Maiduguri sai ta ɗauki hoton kayanta ta sa a WhatsApp ko Instagram, mai saye a Legas ya gani, ya turo kuɗi ta banki, a kai kayan tasha a ba direba. A cikin wannan akwai alheri bayyananne, ko da kuwa ba a sami kome ba sai hutar da yarinya daga yawon talla domin ta zauna a makaranta.

Amma fa wata matsala ta biyo baya. A ɗauki misalin mace mai ɗinka huluna. Da safe ta rubuta wa jama'a cewa kaya sun kusa ƙarewa saboda rububin masu saye, alhali kuwa ga su nan jibge a cikin akwati tun wancan wata. Da maraice kuma aka tayar da zancen haraji ko zakka, sai ta rantse cewa kasuwa ta mutu, ko kuɗin zare ba ya fita. Maganganun nan biyu ba su yiwuwa su zama gaskiya gaba ɗaya, sau da yawa ma dukkansu ba gaskiya ba ne. Watau dukiya ɗaya ce, ta kumbura ta a gaban mai saye, ta ƙanƙantar da ita a gaban mai karɓa. Mutane sun saba ɗaukar talla da haraji abubuwa ne dabam dabam, amma tambaya guda suke yi wa mai sana'a: shin zai faɗi gaskiya a kan abin da ke hannunsa?

Shari'a ba ta hana talla ba, ba ta kuma hana mutum ya yabi kayansa da abin da ke cikinsu ba. Malaman mazhabar Imamu Malik sun halatta sayar da abin da ba ya nan a gaban mai saye, muddin an siffanta masa shi siffantawa cikakkiya. Har a cikin Muwaɗɗa akwai bayanin sayar da ƙunshin tufafi bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba. Sharaɗin shi ne kayan su zo daidai da siffar. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓin mayarwa. To, hoton da ake sawa a waya shi ne siffar a wannan zamani. Wadda ta ƙara wa hoto haske har launin zare ya sake, ko ta ɗauko hoton aikin wata ta ce nata ne, ko ta sayar da hular aikin keke da sunan aikin hannu, ta ɓata siffar da cinikin ya tsaya a kanta. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa a ciki ya ji danshi, ya tuhumi mai shi a kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, kana ya nisanta mai algus daga kansa. Mai sayen da ke Legas ba shi da ikon sa hannu a cikin tarin. Wannan kuwa ƙara wa mai sayarwa nauyi ya yi.

Akwai kuma abin da malamai ke kira najashi, watau mutum ya ƙara wa kaya kuɗi ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani. An hana shi a hadisi ingantacce. Wadda ta sa ƙawayenta su rubuta yabo a ƙarƙashin hoton turaren da ba su taɓa shaƙa ba, kusa take ƙwarai da wannan ƙofa.

Zancen haraji ya fi wuya, domin talakan ƙasar nan yana da dalilin tsoronsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla a cikin Kitabul Farƙi daga zaluncin sarakunan zamaninsa. Masu sana'a ma ba su tsira ba daga baya, don marinan Kano sun biya kuɗin karofi. Dattawa ba su manta da wulaƙancin da aka sha a kan haraji zamanin En'e ba, shi ya sa jama'a suka yi murna sa'ad da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Hadisai kuma sun yi kakkausar magana a kan makasu, watau kuɗin da ake ƙwata daga 'yan kasuwa ba bisa haƙƙi ba. Daga nan ne waɗansu suka yanke cewa kowane haraji zalunci ne, saboda haka yi wa mai karɓarsa ƙarya ba laifi.

Wannan hukunci ya yi gaggawa. Manyan malamai irin su Imamul Gazali da Imamush Shaɗibi sun yarda shugaba ya aza wa masu hali wani abu bayan zakka idan baitulmali ya gaza kuma buƙatar jama'a ta tabbata, da sharaɗin adalci wajen azawa da kashewa. Hanyar da motar ke bi da hulunan zuwa Legas, da asibitin da mai ɗinkin ke haihuwa, ba su gina kansu. Gaskiya ne hanyar ta lalace, asibitin kuma ba magani, kuma wanda ya ci dukiyar jama'a zai tsaya gaban Allah a kanta. Wannan hujja ce ta neman haƙƙi da bin ba'asi. Ba ta mayar da rantsuwa a kan ƙarya halal.

Abin mamaki, mafi yawan masu wannan ɓoyo ba a bin su kome. A ƙarƙashin dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2026, Naira 800,000 na farko daga abin da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Ga mai sana'a kuwa riba ake dubawa, bayan an fitar da kuɗin zare da yadi da sauran abin da aka kashe a kan aikin. Wadda ribarta ba ta wuce kimanin Naira 66,000 a wata ba, ba ta shiga ciki. Wadda ta sami Naira 1,000,000 a shekara, kashi 15 cikin ɗari na Naira 200,000 da suka hau za ta biya, watau Naira 30,000, ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da take zaune. Wadda ta ɗauki alhakin ƙarya don gudun abin da ba a aza mata ba, ta yi asara ba gaira ba dalili.

Zakka kuma dabam take, haraji ba ya sauke ta, domin Allah Ta'ala da kansa Ya ambaci kashi takwas na masu cin ta a cikin Suratut Tauba. Mai sana'ar da ke saye da sayarwa kullum za ta zaɓi lokaci guda a shekara, ta yi wa kayan sayarwa ƙima, ta haɗa da tsabar kuɗin da ke hannu da na banki da bashin da take sa ran za a biya ta. Keken ɗinki da sauran kayan aiki ba sa shiga. Idan jimlar ta kai nisabi, watau dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya, wanda a yau ya kai miliyoyin Naira, sai ta fitar da ɗaya daga cikin 40. Idan bai kai ba, babu wajibi a kanta.

Duk waɗannan lissafe-lissafe ba su yiwuwa sai da rubutu, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani kuwa a kan rubuta bashi ta sauka. Littafi ɗaya ya isa, a riƙa sa abin da aka saya da abin da aka sayar da wanda ake bi. Da shi za ta san ko zakka ta hau kanta, da shi za ta amsa wa hukuma. Idan kuma wani ya ga tallarta a waya ya zo ƙofar gida da sunan ma'aikacin haraji, haƙƙinta ne mijinta ko ɗanta ya nemi ganin shaidar aikinsa da takardar da ta nuna abin da ake bi, a biya ta banki cikin asusun hukuma, a karɓi rasit.