Karta Biyu a Rumbun Wani

A mashayun Ingila, da cikin jiragen yaƙin Amurka masu tafiya a ƙarƙashin teku, akwai wani wasan karta da ake kira kiribej. Ya kusa shekara ɗari huɗu a duniya. John Aubrey, wanda ya tattara labaran manyan mutanen zamaninsa, ya ce Sir John Suckling ne ya ƙirƙiro shi, wani mawaƙi kuma soja a fadar Sarki Charles na Ɗaya, wanda aka haifa a 1609. Shi Aubrey ɗin ya ƙara da cewa mutumin riƙaƙƙen ɗan caca ne, har yakan aika kartar da ya yi wa alama zuwa gidajen caca don ya bi baya ya kwashe kuɗin mutane. To, asalin ba abin alfahari ba ne, kuma ba caca na zo karewa ba. Mafi yawan masu wasan a yau ba su sa ko kwabo. Allo ne mai huji-huji da tsinken da ake matsarwa gaba, wanda ya riga kai maki 121 shi ya ci. Abin da ya ja hankalina shi ne wani ɗan lokaci guda a cikin wasan, wanda bai fi daƙiƙa goma ba, inda ake tilasta wa mutum ya yi kyauta.

Ga yadda abin yake. Mutum biyu ne ke wasa. Mai rabawa ya ba kowa karta shida. Kafin a yi komai, kowannensu zai zare biyu ya kife a gefe, ya rage da huɗu. Waɗannan huɗun da aka kife su ake kira kirib, ni kuwa zan kira su rumbu, domin aikinsu ke nan: ajiya ce da ba a buɗewa sai ƙarshe. Rumbun na mai rabawa ne shi kaɗai. Bayan an zuba, sai a yanka sauran kartar a buɗe guda ɗaya, wadda za ta shiga lissafin hannun kowa, har da na rumbu. A zagaye na gaba rabawa ta koma hannun ɗayan, rumbu ma ya bi ta. Kamar adashi ne, kowa na zubi, ɗauka na zagayawa. Bambancin shi ne a adashi an san abin da kowa zai zuba, a nan kuwa kai za ka zaɓa, kuma mai ɗauka abokin hamayyarka ne.

Lissafin maki ba shi da wuya. Duk kartocin da suka haɗu suka ba da sha biyar, maki biyu. Biyu masu lamba ɗaya, maki biyu. Uku a jere, kamar 6, 7, 8, maki uku. Goma da jak da sarauniya da sarki duk goma ake lissafa su wajen haɗa sha biyar, wato karta 16 cikin 52 darajarsu goma ce. Wannan ne ya sa 5 ta zama sarauniyar wasan ta gaskiya, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na kartocin suna jiranta su cika sha biyar. Duk karta biyar da 5 ke cikinsu ba sa rasa maki biyu, ko yaya aka juya su. Saboda haka darasin farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ya kuskura ya jefa 5 a rumbun abokin wasansa. Haka nan tagwaye, haka nan 7 da 8. A ba shi sarki da 9, ko sarki da 10, waɗanda ba sa ga maciji da juna, ba su haɗa sha biyar, ba su kusa da jeri.

A ce an ba ka 2, 3, 4, 7, 8 da sarki. Hanyoyin zare biyu daga shida goma sha biyar ne, amma biyu ne suka fi jan ido. Idan ka riƙe 2, 3, 4 da sarki, kana da maki biyar: uku na jeri, biyu na 2 da 3 da sarki. Idan ka riƙe 2, 3, 4 da 8, nan ma maki biyar ne, domin 3 da 4 da 8 sha biyar ne. Hannunka bai san bambanci ba. Amma a zaɓin farko 7 da 8 ka zuba, waɗanda tun kafin a taɓa su sun ba da maki biyu, kuma 6 ko 9 na iya faɗowa ta mayar da su jeri. A na biyu 7 da sarki ka zuba, ƙaiƙayi tsantsa. In rumbun naka ne, ka zuba 7 da 8 kana murmushi. In na wancan ne, ka tura masa ƙaiƙayin. Mutum ɗaya, karta ɗaya, amma abin da ya dace ya canza saboda kawai hannun da abin zai faɗa.

Nan ne tambayar ta fara damuna. Mun taso ana koya mana cewa idan za ka bayar, kada ka tsinto mafi lalacewa. Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin zakka cewa mai dabbobi ba zai miƙa gurguwa ko mai ciwo ba, shi ma mai karɓa ba zai zaɓe mafi ƙiba a garke ba. Tsaka-tsaki ake nema. Uwa ma idan ta aiki yaro da tuwo maƙwabta, ba ƙanzo take zubawa ba. Ga kuma wasa da ƙwarewa a cikinsa ita ce ka san mafi munin abin da za ka bai wa mutumin da ke zaune gabanka, wataƙila amininka, wataƙila matarka. Shin wannan ba makarantar rowa ba ce?

Amsa mai sauƙi ita ce wasa wasa ne. Mutum biyu sun yarda su yi gaba ta ɗan lokaci a cikin iyakar da suka sani, kamar 'yan dambe da ke rungumar juna bayan an raba. Wanda ya jefa wa abokinsa 5 da gangan don ya faranta masa ya raina shi ne, ya mai da shi yaron da ake bari ya ci don kada ya yi kuka. Na yarda da wannan amsa, amma ba ta ƙosar da ni ba, domin ta tsaya a bakin ƙofa. Abin da ke cikin ɗakin ya fi haka daɗi: wasan da kansa ya yanka wa mugunta iyaka, kuma da lissafi ya yanka ta, ba tare da ya yi wa kowa wa'azi ba.

Duba wannan hannu: 7, 7, 8, 8, 5 da sarki, rumbu kuma na abokin hamayya. Idan ka riƙe 7, 7, 8, 8, kana da maki goma sha biyu a tafin hannu, takwas na sha biyar huɗu, huɗu na tagwaye biyu. In aka buɗe 6 ko 9, sai su zama ashirin da huɗu, kuma irin waɗannan kartoci takwas ne cikin 46 da ba ka gani ba. Sai dai kuɗin wannan shi ne ka miƙa 5 da sarki, abin da aka ce kada ka taɓa yi. Wanda dokar farko ta zauna masa a kai kamar aya zai ji hannunsa na rawa. Zai ce a'a, ba zan ciyar da shi ba. Sai ya riƙe 5, 7, 8, 8, ya jefa 7 da sarki. Yanzu makinsa shida. Ya yar da shida tabbatattu, ya rushe ginin da zai iya kai shi ashirin da huɗu, don ya hana wancan abin da in aka daidaita bisa wasanni masu yawa bai wuce maki uku ba. Ya yi a fasa kowa ya rasa, amma rabonsa ne ya fi fashewa.

Masu wasan suna da kuskure iri biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba a idona. Na farko na mai haɗama ne: idonsa na kan hannunsa kawai, ba ruwansa da abin da ya zubar. Wannan yakan warke da wuri, domin sau biyu ko uku za a buɗe rumbu a gabansa a ƙirga maki goma sha wani abu da ya gina da hannunsa, sai ya farka. Na biyu na mai ƙyashi ne, kuma shi ne mai wuyar magani, saboda ba ya ganin asararsa. Duk lokacin da aka buɗe rumbu aka tarar da maki biyu ko babu, sai ya ji daɗi a ransa, ya ga dabararsa ta yi aiki. Makin da ya hana kansa kuwa ba a taɓa ƙirga su a fili ba, babu tsinken da zai nuna su a allo. Yana iya shekara yana shan kashi yana ɗora wa sa'a laifi, alhali kullum yana tashi da jin cewa ya ƙuntata wa abokin gaba. Bahaushe ya ce hassada ga mai rabo taki ce. A wannan wasa har lafazin ya dace, tunda mai rabon kartar shi ne mai rumbu.

Abin lura shi ne, kiribej wuri ne da gaba take cikakkiya. Duk makin da wancan ya samu, kai aka rage wa tazara. Babu wata riba da za ku ci tare. Idan akwai wurin da ƙyashi zai zama hikima zalla, to nan ne. Amma ko a nan, wanda ya sa hana wani a gaba da samun kansa yana faɗuwa. Gwanin wasan yana auna abu ɗaya ne: abin da zan riƙe, a debe abin da zai samu. Wani lokaci awon ya ce ka ba shi ƙaiƙayi, wani lokaci ya ce ka miƙa masa 5 ɗinsa ka yi shiru. Gwani ba ya ƙin abokin wasansa, ba ya kuma tausaya masa, yana dai saka shi cikin lissafi daidai gwargwadon nauyinsa. Ina ganin da wuya a samu magada biyu da ke shari'a kan gona, ko kishiyoyi, ko 'yan kasuwa masu rumfa jere, da gabarsu ta kai ta masu kiribej cika, domin su suna da abin da za su ci tare in sun so. Duk da haka sau nawa muke ganin an sayar da gonar an biya lauyoyi, kowa na murna ɗan'uwansa bai samu ba?

Akwai mai cewa wannan ai ba ɗabi'a ba ce, wayo ne kawai. Mutumin da ya bar ƙyashi don ya gano ba riba bai zama mutumin kirki ba. Gaskiya ne, kuma ban ce lissafi zai maye gurbin tsarkin zuciya ba. Amma ina ganin an raina abin da wayon ke buƙata. Kafin ka iya miƙa 5 da sarki hankali kwance, sai ka iya jure ganin wani ya ji daɗi ta dalilinka. Wannan juriya ba lissafi ke ba da ita ba. Mutane da yawa sun san lissafin sarai, hannunsu ne ke ƙi.

Kuma juriyar ana gwada ta, domin wani lokaci abin yakan ɓaci. Ka zuba 5 da sarki, shi ya zuba 5 da sarauniya, aka yanka sai ga jak. Rumbu ya tashi da maki goma sha bakwai, ban da biyun da doka ta ba mai rabawa duk lokacin da jak ta fito a yanka. Kai kuma kana nan da sha biyunka ba ƙari. A nan ne da-na-sani ke zuwa, ita kuwa ƙeya ce. Zaɓin da ka yi daidai ne a lokacin da ka yi shi, da abin da ka sani, kuma in an sake ba ka wannan hannu gobe, shi ya kamata ka sake yi. Mun saba auna shawara da abin da ta haifar: wanda ya yi ganganci ya dace mu ce jarumi, wanda ya yi tunani ya gamu da tsautsayi mu ce wawa. Wasan yana raba waɗannan biyu a fili, domin tsakanin zubinka da sakamako akwai karta ɗaya da ba kai ka zaɓa ba, da biyu da wani ya zaɓa a ɓoye. Ko hannu mafi girma a wasan, mai maki 29, wato 5 uku da jak sannan a yanko 5 ta huɗu mai alama irin ta jak ɗin, ba gwaninta ke kawo shi ba. An ce Richard O'Kane ya same shi a 1943 a cikin jirgin Wahoo, ma'aikatan jirgin suka ɗauke shi alamar nasara, kuma allonsa har yau ana miƙa shi daga jirgi zuwa jirgi a rundunar ruwan Amurka. Abin da ya rage wa ɗan wasa bai wuce karta biyun nan ba.

Sai kuma ƙarshen wasa, inda duk dokokin da aka haddace suke sauya fuska. Ƙa'ida ita ce wanda bai raba ba shi ke fara ƙirga hannunsa, sannan mai rabawa, rumbu a ƙarshe, kuma wasa na tsayawa ne nan take da zarar wani ya taka 121. A ce kana kan 111, wancan yana baya da nisa, shi ne kuma mai rumbu. Maki goma kake nema. Idan riƙe su na nufin ka zuba masa 5 biyu, mafi tsadar kyautar da ke cikin wasan, sai ka zuba ba tare da waiwaye ba. Za ka ƙirga naka, tsinkenka ya shiga hujin ƙarshe, a tattara karta a sake cakuɗawa, rumbun yana kife ba wanda ya buɗe shi.