Murhun Auta

Auta ya dawo daga koyon aikin birkila a Kano, ya tarar Inna na suyar waina a kan duwatsu uku a tsakar gida, iska na kwashe wutar, itace na ƙarewa a banza. Ya ce zai gina mata murhu na gani na faɗa, ya sayo buhun siminti irin na ginin ɗaki.

Kawu, wanda ya tsufa yana gina wa masu burodi tanderu, ya leƙo ya ga kwaɓin. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ya shiri da wuta."

"Haba Kawu, abin da ke riƙe bene ne murhu zai gagara?"

Kawu ya yi shiru. Auta ya gama ginin, kashegari ya hura wuta mai ƙarfi, don Inna ta ga aiki. Ba a yi wata guda ba murhun ya tsattsage, wata safiya gefe ya zube, tanda ta karkace, mai ya malale dab da ƙafar Inna. Ta ce, "Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Tashi ka je wurin kawunka."

Ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu bai yi masa gori ba. Ya ce, "Ƙarfin siminti daga ruwan da ya sha ne. In zafi ya kai wajen digiri 500, sai ruwan ya gudu, ginin ya koma gari, wutar itace kuwa tana wuce haka. Akwai simintin wuta, wanda ke jure sama da digiri 1,000, sai dai da tsada. In aljihu bai kai ba, ga yumɓu. Ka kwaɓa shi da yashi da ƙaiƙayi, ka jera jan bulo a ciki. Simintinka ka bar shi ta waje, inda harshen wuta ba ya kaiwa."

Suka sake ginin tare. Abin da ya fi yi wa Auta wuya shi ne jira, domin Kawu ya hana a hura wuta sai murhun ya bushe sarai a inuwa. Sannan aka fara da 'yan ƙirare, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Damina biyu ta wuce Inna na suya a kansa, ko tsaga babu.