Uku-Uku Ta Gama Gari

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai riƙe da kowane abu a mazauninsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa.

Bayan haka, akwai wata sana'a, ko kuwa a ce wasa, da hotunanta ke yawo cikin wayoyin hannu a ƴan shekarun nan. Mutum zai shiga rafi ya tsinto duwatsu, ya ɗora wannan bisa wancan, babba a kan tsinin ƙarami, har su tsaya ƙyam, ba siminti ba danƙo. Wanda ya gani karon farko yakan ce ko dai siddabaru ne ko aikin kwamfuta. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan fanni akwai Michael Grab, haifaffen Kanada, wanda ya soma a 2008 a wani rafi na garin Boulder da ke jihar Kolorado ta Amurka. Bayanin da yake yi wa masu koyo gajere ne. Kowane dutse, kome santsinsa, yana da ƴan ramuka da ƴan tudu waɗanda ido ba ya kula da su. Aikin mai koyo shi ne ya nemo wurare uku da dutsen sama zai taɓa na ƙasa, ya riƙa juya shi sannu sannu har nauyinsa ya faɗo a tsakanin ukun nan. Idan ya faɗo, yatsu ne ke fara ji, sai a janye hannu.

Ga wanda ya tashi a Maraɗi wannan ba sabon labari ba ne, rigar kawai aka sauya masa. Tun yana yaro, a dandali da dare, an ƙulla masa kacici-kacici an ce "uku-uku ta gama gari", ya amsa da murhu. Iskar gas ta shigo gidajen birni, murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi ya daɗe a kasuwa, kuma gaskiya ne murhun gargajiya yana cin icce fiye da kima a ƙasar da icce ya yi tsada. Duk da haka ranar biki ko suna ko Mauludi, in aka fito da babbar tukunya, a Maraɗi ne ko a Tsibiri, duwatsu uku ake nema. Ƙasar nan ta rairayi ce, ba kamar Damagaram ba inda manyan duwatsu ke zaune a tsakiyar gari, saboda haka sau da yawa marmara ce ko tubali ko busasshen curin laka ke tsayawa a madadin dutse. Lissafin dai bai canza ba.

Me ya sa uku? Tebur mai ƙafa huɗu, in daɓen ɗaki bai daidaita ba, sai ya yi ta girgiɗi har an cusa masa takarda. Mai ƙafa uku ba ya girgiɗi ko a kan kunya aka ajiye shi, domin wurare uku kullum suna samun ƙasa a lokaci guda. Sharaɗi ɗaya ne: cibiyar nauyin abin da aka ɗora ta faɗo cikin filin da ke tsakanin ukun. In ta fita ko da faɗin yatsa ne, ya kife.

Abin lura ga mai neman darasi shi ne yadda mace ke kafa murhun. Da wuya a samu duwatsu uku masu girma ɗaya, kuma ita ba ta ɓata lokaci wurin nemansu. Babban sai ta tona masa rami ta nutsar da shi, ƙaramin ta tokare shi da tsingaro, na tsakiyan ta juya shi har gefensa mai faɗi ya fuskanci gindin tukunya. Sa'an nan ta ɗora tukunyar ba komai a ciki, ta girgiza ta, ta sauke, ta gyara, ta sake ɗorawa. Gwajin gaskiya kuwa ba ya zuwa sai an kai ga tuƙi, lokacin da muciya ke tura tukunya gefe guda da dukan ƙarfin kafaɗa. Murhun da ya riƙe ruwa yana tafasa lafiya lau yana iya bada kai a wannan lokaci, kuma abin da ke cikin tukunyar talge ne mai zafi, yara kuma suna zagaye da wuta. Ba a koyon wannan da baki. Yarinya takan yi shekaru tana kallon uwarta, tana kafawa ana rushewa, kafin a bar ta ita kaɗai da tukunyar gida. In aka sauya tukunya kuma, aiki ya koma sabo: zaman da ya dace da ta miya ba zai ɗauki ta tuwon biki ba.

A nan tambayar take. Kowa ya yarda ana son daidaito a rayuwar bawa, malamai suna kiransa i'itidali. To mene ne shi? Mafi saurin amsa ita ce a raba yini kashi kashi, kowane haƙƙi a ba shi daidai da na ɗan'uwansa, kamar mai awon hatsi da tiya. Murhu ya ƙaryata wannan amsa. Da matar nan za ta yi wa duwatsunta adalcin awo, ta tona wa kowanne rami mai zurfi ɗaya, da tukunyar ta karkace tun ba a hura wuta ba. Adalcinta shi ne ta bambanta su, ta danne wanda ya yi tsawo, ta ɗaga wanda ya gaza, don abin da ke bisansu ya zauna.

Ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, wadda Bukhari ya ruwaito, tana tafiya a kan wannan. Manzon Allah (SAW) ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakaninsu a Madina. Wata rana Salmanu ya kai ziyara, ya tarar da matar gidan cikin tufafin da ba na mai miji ba. Da ya tambaya, ta shaida masa cewa ɗan'uwansa ba shi da sauran buƙata da duniya. Abud Darda'i ya kawo abinci, ya ce shi yana azumi, Salmanu ya ƙi sa hannu sai sun ci tare. Dare ya yi, mai gida ya miƙe zai yi salla, baƙo ya ce ya kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake kwantar da shi. Sai a ƙarshen dare ya tashe shi suka yi salla tare. Daga nan ya lissafa masa masu haƙƙi a kansa: Ubangijinsa, da ransa, da iyalinsa. Da maganar ta kai ga Annabi (SAW), ya gaskata Salmanu.

Salmanu bai zo da ma'auni ya ce sa'a takwas ga wannan, takwas ga wancan ba. Ya duba gidan ne ya ga wane dutse ya yi tsawo. Fuskar Ummud Darda'i da tufafinta su ne tukunyar da ta karkace. Da gidan wani ya shiga wanda kasuwa ta cinye shi, da wani dutsen zai danne. Kuma bai cire ibadar dare ba, ya nutsar da ita ne zuwa inda sauran biyun za su iya taɓa gindin tukunya.

Wannan ba tatsuniyar da ba ce. Maraɗi garin fatauci ne, hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano ba ta barci. Akwai ɗan kasuwar da in aka tambaye shi wuridinsa sai ya ce in kaya sun iso zai rama, kayan kuma ba sa gama isowa. Akwai kuma kishiyarsa, wanda aka fi jin nauyin yi wa magana: ba ya rasa wazifa, duk ziyara da shi, duk motar da za ta tashi zuwa Mauludi yana da kujera a ciki, amma matarsa ce ke tallar da ke ciyar da gida, ɗansa kuma an koro shi daga makaranta. Jama'a na ganinsa a sahun gaba suna yaba himmarsa, domin dutsen da ya yi tsawo shi ake hangowa daga nesa. Ga kuma mai lambu a Jiratawa, a filin noman rani inda ruwa ke zuwa layi layi: in layinsa ya faɗo daidai lokacin zikirin Juma'a, ya bar zogale da albasarsa su bushe, ko ya bar halƙa? Babu amsa guda da za a rubuta a allo ta wadatar da mutanen nan uku. Wanda ya san su, ya san gidajensu, shi ke iya cewa wannan a danne, wancan a tokare.

Sai dai mai himma yana da hujjar da ba a kau da ita da hannu ɗaya. Zai ce: manyan bayin Allah ba da tsaka-tsaki suka isa ba. Ranar da aka nemi sadaka, Sayyidina Umaru ya kawo rabin dukiyarsa, Sayyidina Abubakar ya kawo tasa duka, kuma an karɓa. Ina duwatsu uku a nan? Ashe wannan maganar daidaito ba mafakar malalaci ba ce, wanda ke son ya ba Allah kaɗan ya kira shi hikima? Tuhumar tana da ƙarfi, domin rai ya iya ɓuya a bayan kalma mai kyau, kuma da yawa daga masu cewa "a bi sannu" ba su taɓa tashi daga inda suke ba.

Duwatsun rafin nan suna da abin faɗi a kan wannan. Wanda ya ga hoton dutse babba tsaye bisa tsininsa zai rantse a wuri ɗaya ya dogara. In ya matsa kusa zai ga ukun suna nan, sun matsu ne kawai cikin wurin da bai fi ƙwayar gero ba. Gwani ne kaɗai ke iya kusanta su haka, bayan shekaru na faɗuwa da murjewar yatsu. Haka al'amarin Abubakar yake. Ɗan kasuwa ne da ya san hanyar nema, gidansa gida ne da ya sha gwaji tun daren Hijira, yaƙininsa kuma ba ya girgiza in aljihu ya bushe. Haƙƙin iyalinsa da na ransa ba su faɗi ba ranar da ya bada komai, sun kusanci haƙƙin Ubangijinsa ne har mai kallo ya ɗauka abu guda ne. Mai koyo da ya ga hoton kawai, ya tsayar da dutse bisa tsini ya saki hannu, ƙafarsa zai fasa, ko ta wanda ke kusa da shi. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a riƙe. Ginin mai wasan rafi na kallo ne, iska ko tsuntsu na iya rushe shi kafin la'asar, ba kuma wanda zai kwana da yunwa. Ba a ɗora masa tukunya. Har ma hukumomin wasu gandun daji a Amurka suna roƙon baƙi su daina tara duwatsu, saboda ƙananan halittun da ke zaune a ƙarƙashinsu da kuma matafiyan da tarin ke ɓatarwa daga hanya. Ado ma yana da wanda yake dannewa. Murhu kuwa baƙi ne ƙirin, ba mai ɗaukar hotonsa, amma gida guda ke ci daga kansa. Mafi yawan muridai masu murhu ne, akwai bakuna a bayansu.

Hujja mafi ƙarfi ita ce Annabin da ya karɓi duka daga Abubakar shi ne ya hana wasu. A shekarar Hajjin Bankwana Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka har ya ɗebe tsammani, magajinsa a lokacin ɗiya guda ce. Ya nemi izinin yin wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana. Ya ce rabi, aka hana. Aka tsaya a sulusi, aka kuma nuna masa cewa sulusin ma da yawa, domin barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna miƙa hannu ga mutane. Sa'adu ba ƙaramin sahabi ba ne, yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Ba darajarsa aka auna ba, tukunyar da ke kansa aka duba.

Wannan ya sa mutum ba ya zama alƙalin kansa a nan. Mai tuƙi ba ya ganin tukunyarsa ta karkace, wanda ke tsaye a gefe ke gani. Abud Darda'i bai san gidansa ya karkata ba sai da baƙo ya kwana a ciki. Kuma lokacin da mutum ya fi buƙatar idon wani shi ne lokacin shauƙi, sa'ad da zuciya ta cika take son ta zubar da komai.

Ka'abu ɗan Maliku ya ga irin wannan lokaci. Ya ƙi fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira ba tare da uzuri ba, ya kuma faɗi gaskiya da aka tambaye shi. Aka ƙaurace masa dare hamsin, ba mai amsa masa sallama a Madina, har ƙasa ta yi masa ƙunci. Ranar da saƙon karɓar tubarsa ya sauka, ya tuɓe tufafinsa ya ba wanda ya kawo masa albishir, ya ari wasu ya sa, ya nufi masallaci. Da ya zauna gaban Manzon Allah (SAW), sai ya ce yana so ya fita daga dukiyarsa baki ɗaya, sadaka, don cikar tubarsa. Aka umarce shi ya riƙe wani abu, don hakan ya fi masa alheri. Ka'abu bai kawo misalin Abubakar ba, bai kuma yi jayayya ba. Ya ce zai riƙe rabonsa na Haibara.